Rumfar Awaki da Akurkin Kaji: Mu Gina Tun Kafin Ruwa Ya Sauka

 Darasinmu na wannan fitowa a kan makwancin ƙananan bisashe ne, wato awaki da tumaki da kaji da zabbi.

A ƙasar Adar da wuya ka shiga gida ba ka tarar da akuya ba, kuma yawancinsu na mata ne. Akuya ita ce asusun mace. In yaro ya kwanta ciwo, ita ake kaiwa kasuwar Tunfafi ko ta Tamaske a samo kuɗin magani. In hatsi ya ƙare a rumbu kafin kaka, ita ke cike giɓi. Wata kuma akuyar habbanaye ce, amana ce a hannun mai kiwo har ranar da za a mayar.

To, amma ina wannan dukiya take kwana? Sau da yawa a turke take, tsakar gida, babu inuwa babu rufi. Da damana tana tsaye cikin laka da fitsari. Da hunturu iska na dukanta har asuba. Wasu kuma, don tausayi ko tsoron ɓarayi, sai su shigar da ita ɗakin da yara ke kwana. Duka biyun akwai asara a ciki.

Me ya sa bisashe ke bukatar makwanci?

Na farko, saboda laima. Akuya dabba ce da ba ta son jiƙa. Ƙwayayen tsutsar ciki suna fita tare da kashinta. A busasshiyar ƙasa rana na kashe yawancinsu. A cikin danshi kuwa sai su ƙyanƙyashe, dabba ta sake cinye su tare da abinci. Shi ya sa zawo da rama suka fi yawa a watan Agusta, lokacin da ruwa ya yi ƙarfi. Tsayuwa cikin laka kuma tana tausasa kofato, ya ruɓe, dabba ta riƙa ɗingishi.

Na biyu, saboda sanyi. Iskar hunturu mai ƙura tana kawo majina da tari da ciwon huhu. Ƴan awaki sabbin haihuwa su suka fi cutuwa, domin jikinsu bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. Akuya na ɗaukar ciki wata 5. In ɗan ya mutu a makonsa na farko, wahalar wata biyar ta tafi banza, nono ma ya ragu.

Na uku, saboda zafin bazara. Dabbar da ta wuni a rana tana haki ba ta cin abinci sosai. Mai turkar rago don Layya ya san wannan: ragon da ke cikin inuwa ya fi saurin ƙiba.

Na huɗu, saboda lafiyar iyali. Yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. In tsakar gida cike take da kashin kaji da na awaki, zawo ba ya rabuwa da shi, kuma ba ya girma yadda ya kamata. Ƙudaje ma a kan ƙazanta suke taruwa, daga nan su sauka a kan tuwo da idon yara.

Na biyar, saboda taki. Kashin da ya warwatsu a gari iska da ruwa ke kwashe shi. Wanda ya taru wuri ɗaya kuwa naka ne.

Zaɓen wuri

Kafin ka kafa ko da itace ɗaya, ka tuna inda ruwa ya bi a gidanka damanar bara. Kada ka yi gini a kan hanyarsa. Zaɓi wuri mai ɗan tudu. Mutanen da ke gindin duwatsun Buza da Keita su yi hattara ƙwarai, domin ruwan da ke gangarowa daga kan dutse yana zuwa da ƙarfi, kuma ba ya sallama.

Rumfa ta yi nesa da murhu saboda gobara. Ta yi nesa da rijiya da taku 30 ko fiye, kuma ta kasance a gangaren rijiyar, don kada ruwan garke ya kwarara ciki. Amma kada ta yi nisa da ɗakin kwana har ka kasa jin motsi da dare.

Sai maganar fuska. Mun sani hadari daga gabas yake taso mana. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Saboda haka a toshe gabas da arewa, ƙofa ta dubi kudu. Tsawon rumfa ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Da haka ranar la'asar mai zafi ba za ta cika cikinta ba.

Girman rumfa

Ga yadda za ka auna ko ba ka da ma'auni. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Kamu 2 na babban mutum sun kusa mita 1.

Kowace babbar akuya ko tunkiya tana son fili mai tsawon kamu 3 da faɗin kamu 2, wato mita 1 da rabi a mita 1. Mu ɗauka mace tana da awaki 4. Za ta auna tsawon mita 3 da faɗin mita 2. Sai ta ƙara mita 1 a tsawon, don lungun haihuwa. Rumfarta ta zama mita 4 a mita 2 ke nan.

Kada a matse bisashe. In wuri ya yi kaɗan, manya na tunkuyin ƙanana, mai ciki na iya yin ɓari, cuta kuma tana saurin yaɗuwa.

Kayan aiki

Ba sai an sayi siminti ko kwano ba. Ga abin da ake bukata don rumfar awaki huɗu:

Dirkoki 3 dogaye, masu kamu 6. Dirkoki 3 gajeru, masu kamu 4. Itatuwan giciye da sanduna na tanka. Kara da shibci, ko zanar gamba, don rufi. Igiyar kaba. Duwatsu da tsakuwa da marmara don ƙasa. Tubali ko yumɓu don ɗan bango.

Dutse dai Allah ya hore mana shi a Adar. Itace ne ke da wuya, kuma muna da tarihi a kansa. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi, wato dogon yaro, a kwarin Majiya don kare gonaki daga iska, da taimakon ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji. A 1984 kuma aka fara babban aikin raya karkara na Keita da taimakon ƙasar Italiya, inda jama'a, musamman mata, suka jera duwatsu suka dasa itatuwa a kan fako. Da guminsu aka samu inuwar da muke gani. Saboda haka kada ka sare itace daga gindi don gina rumfa. Sassabe reshe ya isa, bedi kuwa yana sake tohowa. Ka nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin ka sa gatari. Bedi ya dace da dirka domin gara ba ta cika cinsa ba. Sabara da geza sun isa sandunan tanka.

Yadda ake gini

1. Share wuri. Kafa turaku huɗu a kusurwoyi, ka ɗaura igiya don aiki ya miƙe.

2. Ɓare bawon dirkoki. Babbaka gindinsu a wuta har ya yi baƙi. Wannan yana rage ɓarnar gara da ruɓa.

3. Haƙa ramuka 6, kowane zurfin kamu 1. Uku a kudu, uku a arewa. Dogayen dirkoki a kudu, gajeru a arewa. Cika ramin da tsakuwa da toka, ka daddanna sosai. Yanzu gaban rumfa ya tashi kamu 5, bayanta kamu 3. Wannan bambanci shi ke sa ruwa ya gangara. Rumfar da samanta ya kwanta daidai, irin ta shan inuwa, yoyo take yi. Kada kuma baya ya gaza kamu 3, domin akuya na miƙewa ta ci rufin.

4. Ɗora giciye, ka jera sanduna, ka ɗaure tamau. Shimfiɗa kara, sannan shibci mai kauri. Fara daga ƙasa ka hau sama, kowane layi ya rufe kan na ƙasa da shi. In kana da leda mai faɗi, sa ta tsakanin kara da shibci. Bakin rufi ya zarce bango da kamu 1 ta kowane gefe. Ɗaure rufi da dirkoki da kyau, saboda guguwar farkon damana.

5. Tayar da ƙasan rumfa. Wannan shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci. Jera duwatsu a kewaye. Cika tsakiya da tsakuwa da marmara har ta fi ƙasan gida tudu da rabin kamu. Yayyafa ruwa ka daɓe. Ta ɗan karkata wajen ƙofa don fitsari ya fita. Bayan ta bushe, watsa rairayi a kai.

6. Gina ɗan bango mai tsayin kamu 2 a gabas da arewa da yamma. Tushensa ya zama na dutse. Kada bango ya kai rufi. Wannan tazara ita ce hancin rumfa, ta nan zafi da warin fitsari ke fita. Warin fitsarin da ya taru yana cutar da huhun dabba kamar yadda sanyi ke yi. Da hunturu sai a rataya zana a gabas da arewa. Da damana a bar ta gabas saboda feshin ruwa. Da bazara a cire duka.

7. Kudu a yi shinge na sanduna da ƙofa mai ƙarfi. A jera sandunan kusa da kusa, yadda kare ba zai shiga ba, akuya kuma ba za ta cusa kai ya maƙale ba.

8. Raba lungun haihuwa da shinge, a wajen da ya fi ɗumi.

9. Haƙa ƴar magudana a bayan rumfa, inda ruwan rufi ke zuba, ka kai ta waje.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an tara kaya tun da wuri, gayya ba za ta daɗe a kan wannan aiki ba. Ƙungiyoyin mata, irin su Mata Masu Dubara da suka faro a jihar Maraɗi a 1991 suka bazu ko'ina cikin ƙasa, suna iya yin karo-karo: wannan mako gidan wance, mako mai zuwa gidan wance. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da kara da shibci ke da yawa. In an makara, to kada a wuce watan Mayu.

Abinci da ruwa a cikin rumfa

Kada a zuba harawa a ƙasa. Abin da akuya ta taka ta yi wa fitsari ba ta ci, in kuma ta ci tsutsa take ɗauka. A rataye harawa daidai tsayin kanta, ko a sa ta cikin ragar igiya. Dusa a zuba ta a kwami ko tsohuwar tasa da aka ɗora bisa duwatsu. Ruwan sha a sake shi kullum. A ajiye gishirin lasa ko kanwa inda ruwa ba ya taɓawa.

Rumfa makwanci ce, ba kurkuku ba. Bisashe suna bukatar fita su motsa jiki su sha hantsi. Lokacin da aka ɗaure dabbobi saboda shuka, a yi musu ɗan fili mai shinge a gaban rumfar.

Akurkin kaji da zabbi

Akurkin yumɓu da muka gada yana da kyau, amma yana da aibi uku. Ƙofarsa ƙarama ce, tsintsiya ba ta shiga. Ba shi da mashigar iska. Bangonsa kuma yana tsagewa, kaska da ƙuma su ɓuya a ciki da rana, da dare su fito su sha jinin kaji. Ga yadda za a gyara.

Kaji 10 suna son akurki mai kamu 3 a kamu 3. A ɗora shi bisa duwatsu kamar yadda ake ɗora rumbu, don laima da ruwa. A yi ƙofa babba wadda hannu zai kai kowane lungu, da murfi mai ƙarfi. A huda ƙananan tagogi can sama, a rufe su da ragar waya saboda maciji da gafiya da muzuru. A shafe bango sumul, duk tsagar da ta bayyana a liƙe ta. A yi masa hular shibci.

Kaza tana son kwana a sama. A gicciya sanda a ciki, kowace kaza rabin kamu. A ajiye tsohuwar ƙwarya ko fasasshiyar tukunya da busasshiyar ciyawa a wuri mai duhu don yin ƙwai. Ƙwan kaza yana kwana 21 kafin ya ƙyanƙyashe, na zabuwa kuwa kusan kwana 28. Bayan kowace ƙyanƙyasa a ƙone tsohuwar ciyawa a sa sabuwa.

Ƴan tsaki, musamman na zabbi, raɓa da sanyin damana ke kashe su, shirwa kuma ta kwashe saura. A makonnin farko a riƙe su da uwarsu ƙarƙashin babban kwando a busasshen wuri, a ba su tsaki da ruwa a ƴar tasa marar zurfi. Kada a sake su da safe sai raɓa ta bushe. Agwagi kuma a yi musu wurinsu dabam, domin suna jiƙa makwanci, kuma suna iya ɗauke da cuta ba su nuna ba.

Shara da taki

Rumfa mai kyau in ba a share ta, ta koma gidan cuta. Da damana a share kullum. Da rani bayan kwana biyu ko uku ya isa. Akurki a share shi kowane mako, a barbaɗa toka. Bayan shara a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko jariri.

A haƙa rami a bayan gida mai zurfin kamu 2. A riƙa zuba sharar rumfa da ragowar harawa da toka. A yayyafa ruwa lokaci lokaci, a rufe da kara don rana kada ta ƙone shi. Bayan ƴan watanni ya ruɓe ya yi baƙi. Wannan taki shi ake sawa a ramukan tassa, cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami, har fako ya ba da hatsi. Masu noman albasa a fadamar Tarka su ma sun san darajarsa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, sai ya ruɓe tukuna.

Baƙuwar dabba da marar lafiya

Cuta sau da yawa daga kasuwa ake sayo ta. Duk dabbar da ka sayo, ko aka ba ka, ka ɗaure ta dabam har mako 3 ko 4, da kwanon ruwanta dabam. In ba ta nuna komai ba, sannan ka haɗa ta da saura. Haka ma sabuwar kaza.

In dabba ta daina ci, tana majina, idonta na kwantsa, bakinta ya yi gyambo, tana zawo, ka ware ta nan take ka sanar da ma'aikatar kiwo. Waɗannan alamun annobar awaki da tumaki ne, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR. Tana iya share garke cikin ƴan kwanaki, amma tana da allurar rigakafi. In masu allura sun zo gari, a fito da bisashe duka, kada a ɓoye ko ɗaya. Kaji ma akwai rigakafin annobar nan mai murɗe musu wuya, wadda ta fi ɓarna da hunturu. A yi shi tun kafin sanyi ya shigo. Rumfa ba ta maye gurbin allura, allura kuma ba ta maye gurbin rumfa.

Wasu cututtukan bisashe suna kama mutane. A 2016 zazzaɓin da ake kira na kwarin Rift ya ɓulla a wajen Cintabaradan, nan cikin jihar Tawa. Bisashe sun yi ta ɓari, mutane da dama kuma sun rasu. Ana ɗaukarsa ta taɓa jini ko abin ɓarin dabba marar lafiya. A 2006 kuma murar tsuntsaye ta bayyana a Magarya, jihar Damagaram. Darasin da ke ciki shi ne: in akuya ta yi ɓari, kada a taɓa ɗan ko mabiyiya da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a binne su da zurfi inda kare ba zai tono ba. Mace mai ciki ta nisanci wannan aiki. A tafasa nono kafin a sha. Kazar da ta mutu da kanta a binne ta, kada a ci, kada a bar yara su yi wasa da ita. In kaji suna mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, a kai labari ma'aikatar kiwo.

In akuya ta haihu lafiya, a tabbata ɗan ya sha dakashi, wato nonon farko, tun a sa'o'in farko. Shi ne rigakafinsa. A bar su a lungun haihuwa, bisa busasshiyar ciyawa, har kwana uku ko huɗu.

Abin da za mu riƙe

Ƙasa busasshiya mai tudu. Rufi mai gangare. Gabas da arewa a toshe, sama a buɗe don iska. Makwancin bisashe dabam, na mutane dabam. Masu iya magana sun ce, tun ran gini tun ran zane. Wanda ya jira sai hadari ya haɗu, a cikin laka zai yi aikinsa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Ina ne bisashenku ke kwana yanzu? Ƴan awaki nawa kuka rasa bara, kuma a wane lokaci?
2. Me ya sa ƙofar rumfa ke duban kudu?
3. Me ya sa ba a kai bango har rufi?
4. Me za ka yi da dabbar da ka sayo daga kasuwa?

Lissafi

1. Wani yana da tumaki 8. Faɗin rumfarsa mita 2 ne. Mita nawa tsawonta zai zama, ban da lungun haihuwa?
2. Wata tana da kaji 12. Kamu nawa na sandar kwana take bukata?
3. Kaza ta kwanta kan ƙwai ran 3 ga wata. Ran nawa ga wata za ta ƙyanƙyashe?

Rubutu

Rubuta sunayen kayan gini guda biyar da ake samu a garinku ba da kuɗi ba. In kun gama, ku karanta wa wanda bai samu zuwa aji ba wannan darasi. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu, amin.